Wasan Kwaikwayo da Ba da Labari a Faɗakarwar Lafiya: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin ma'aikatan lafiya, malaman makaranta da ƙungiyoyin matasa masu son faɗakar da jama'a ta hanyar wasa ko labari, musamman idan waɗanda za a yi wa wasan ba harshensu ɗaya ko al'adarsu ɗaya da masu shiryawa ba. An sa musu lamba domin wasu amsoshin suna jingine da wasu.

1. Mene ne wasan kwaikwayo na al'umma, kuma me ya raba shi da wanda ake gani a dandali ko talabijin?

Wasa ne da mutanen wurin suke da hannu a cikinsa tun daga tushe: su suka kawo matsalar, da harshensu ake yi, a filin da suka saba taruwa, kuma sau da yawa su ne 'yan wasan. Babu tikiti, babu labule. Babban abin da ya bambanta shi kuwa shi ne ba a watsewa da zarar an yi tafi. 'Yan kallo suna da ta cewa, ko a tsakiyar wasan ko bayansa.

Masu wannan aiki sukan kasa shi uku: wasan da aka yi wa mutane, wanda aka yi tare da su, da wanda suka yi da kansu. Gaskiyar magana, mafi yawan abin da rahotannin ƙungiyoyi ke kira "na al'umma" na kashin farko ne. Mota ta kawo 'yan wasa daga birni, sun yi rabin sa'a, an ɗauki hoto, sun wuce gari na gaba. Ba da labari ya fi wasa faɗi, domin ya haɗa da tatsuniya, da labarin da mai ciwo ya bayar da bakinsa, da wasan rediyo mai dogon zango, da littafin labari mai hotuna, da gajeren bidiyon waya.

2. Sabuwar dabara ce, ko ta daɗe?

Ta haura shekara ɗari. A 1901 marubucin Faransa Eugène Brieux ya rubuta wasa kan cutar tunjere, hukuma ta hana nuna shi a ƙasarsa na ɗan lokaci, sannan a 1913 aka nuna shi a New York da goyon bayan likitoci. A shekarun 1920 Tarayyar Sobiyet ta riƙa shirya shari'o'in wasa, inda ake gurfanar da mashayi ko wanda ya shafa wa wani cuta a gaban jama'a, likita ya ba da shaida. Duk waɗannan daga sama suke sauka, masana ne ke yi wa talakawa huɗuba.

Salon da aka sani yau ya tashi ne a shekarun 1970. A Burazil, masanin ilimi Paulo Freire ya koyar da cewa wanda ake son ilmantarwa ba fanko ba ne da za a zuba masa sani, mai tsara wasan kwaikwayo Augusto Boal kuma ya mayar da wannan tunani wasa. A Botswana an fara bikin Laedza Batanani a 1974, inda aka taɓo cututtukan saduwa da tsafta da abinci mai gina jiki. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara fita ƙauyuka a shekarun nan, haka manoma da ma'aikatan Kamiriithu a Kenya suka gina dandalinsu da hannunsu. A Meziko kuma Miguel Sabido ya shigar da saƙo cikin wasannin talabijin masu dogon zango (tambaya ta 6). Abin da ya watsa salon ko'ina shi ne cutar ƙanjamau: shekaru babu magani, sai magana, maganar kuma irin wadda ba a iya faɗa a taron lacca.

3. Me zai hana a gaya wa mutane gaskiya kai tsaye, a raba musu takarda?

Saboda a mafi yawan lokuta ba rashin sani ne matsalar ba. Mai shan taba ya san tana cutarwa. Matar da ba ta je awon ciki ba ta san inda asibitin yake. Abin da ya tare su shi ne tsoro, ko kunya, ko rashin kuɗin mota, ko wani a gida da sai ya yarda. Takarda ba ta taɓa waɗannan.

Labari yana aiki ta ƙofa uku. Ta farko, mutum yana koyo daga ganin wani irinsa ya yi abu ya kuma ga yadda ta kaya masa. Wannan shi ne ginshiƙin binciken masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura. Ta biyu, wanda labari ya tafi da shi yakan sassauta gardama. A 2000 Melanie Green da Timothy Brock suka nuna cewa gwargwadon yadda mai karatu ya nutse a labari, gwargwadon yadda ra'ayinsa ke karkata ga abin da labarin ya ƙunsa. Ta uku ita ce ta fi muhimmanci a wasan fili, kuma ita ake yawan mantawa: kowa yana ganin kowa yana kallo. Mutum ya ga maƙwabcinsa ya ji, ya ga dattijo bai tashi cikin fushi ba, sai abin da jiya ba a faɗa ya zama abin tattaunawa. Yana kuma iya cewa "ai mijin nan na wasa bai kyauta ba" ba tare da ya tona nasa asirin ba.

Inda takarda ta fi wasa shi ne ƙididdiga: adadin ƙwaya, ranar komawa rigakafi, lambar waya. Waɗannan a rubuta su a ba mutum ya tafi da su.

4. Akwai hujjar cewa yana canza hali, ko nishaɗi ne kawai?

Akwai, sai dai ba ta kai yadda masu neman tallafi ke kambama ta ba. A Tanzaniya an fara wasan rediyo na Twende na Wakati a 1993, aka hana tashar Dodoma watsa shi har 1995 domin a sami abin kwatance. Masu bincike ƙarƙashin Everett Rogers sun ga ƙaruwar amfani da hanyoyin tazarar haihuwa da raguwar yawan abokan kwanciya a yankunan da suka ji shirin. A Birmingham ta jihar Alabama a Amurka, an raba baƙaƙen fata 299 masu hawan jini gida biyu: wasu sun kalli faifan da marasa lafiya irinsu ke ba da labarinsu, wasu sun kalli wani faifan daban. A sakamakon da aka buga a 2011, cikin waɗanda jininsu ke sama tun farko, masu kallon labaran sun fi sauran samun sauƙi da kusan maki 11 a lambar sama ta awon jini bayan wata uku. A kudu maso yammacin Najeriya, gwaji kan matasa kimanin 5,000 ya nuna waɗanda suka kalli wasan talabijin na MTV Shuga sun kusa ninka sauran wajen zuwa gwajin ƙanjamau, amma amfani da kwaroron roba bai motsa ba.

Ga ɗaya ɓangaren. An gwada shirin Stepping Stones, wanda ya dogara da kwaikwayo da tattaunawa, a garuruwa 70 na Gabashin Kef a Afirka ta Kudu. Sakamakon 2008 ya nuna bai rage kamuwa da HIV ba, ko da yake ya rage cutar al'aura ta HSV-2 da kusan kashi ɗaya cikin uku, maza kuma sun ba da rahoton raguwar cin zarafin matansu. A Burkina Faso, daga 2012 zuwa 2015, tashoshin rediyo bakwai sun watsa gajerun wasanni kan lafiyar yara, bakwai ba su watsa ba. Kai yara asibiti saboda zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu ya ƙaru sosai, amma binciken bai iya gano bambanci a mace-macen yara ba.

A lura da abu biyu. Wasa ya fi iya tura mutum ga aiki guda mai iyaka, kamar zuwa gwaji, a kan canza ɗabi'ar kullum da sai mutum biyu sun yarda. Sannan mafi ƙarfin hujjojin nan na rediyo ne da faifai, domin su ake iya maimaitawa iri ɗaya a auna. Wasan fili kullum daban yake fita, don haka hujjarsa ta fi rauni. Dubi tambaya ta 14.

5. Yaya wasan da 'yan kallo ke shiga ciki yake gudana?

Salon Boal ke nan. Ana nuna gajeren wasa, kamar na minti goma zuwa sha biyar, wanda ya ƙare da sharri. Misali: leburan gini ya kamu da tarin fuka, an ɗora shi kan maganin wata shida. Bayan wata biyu ya ji sauƙi. Shugabansa ya ce duk ranar da ya je karɓar magani ba shi da lada, matarsa tana tsoron maƙwabta su sani, ma'aikaciyar asibiti ta yi masa tsawa don ya makara. Ya daina zuwa, ciwon ya dawo. Daga nan jagoran wasa ya ce za a maimaita, duk wanda ya ga inda mutumin nan zai iya yin wani abu daban ya ce "tsaya", ya fito ya karɓi matsayinsa ya gwada.

Sirrin yana hannun sauran 'yan wasa: kada su saduda da wuri. Idan ɗan kallo ya roƙi shugaban aiki, shugaban ya turje kamar yadda na gaske zai turje. In kuwa wani ya kawo mafitar da ta fi kama da mafarki, wai kwatsam wani attajiri ya biya komai, jagora ya juya ga jama'a ya tambaya: "Wannan yana faruwa a nan?" Su za su rushe ta da kansu. Ba a neman amsa guda. Ana so mutane su tafi sun ga dabaru huɗu ko biyar an gwada a gabansu, wasu kuma sun ji yadda kalmomin suke a bakinsu kafin ranar da za su buƙace su.

Jagoran nan shi ne rabin aikin. Idan malamin lafiya ne da ya saba gyara wa mutane zance, zai mayar da taron aji cikin minti biyar.

6. Salon Sabido fa?

Na shiri mai dogon zango ne. Ana gina mutane iri uku: masu halin da ake so, masu akasinsa, da masu tangal-tangal a tsakiya. Na ukun su ne abin hari, domin su suka yi kama da mai sauraro: suna shakka, suna gwadawa, suna komawa baya, a hankali su canza su ga amfanin canjin. Shirinsa na 1975 kan karatun manya ne, na 1977 kan tsarin iyali. Indiya ta ɗauki salon a 1984. Yana buƙatar watanni da kuɗi, amma ko a wasan minti ashirin darasin yana nan: jarumin da ba ya kuskure ba ya koya wa kowa komai.

7. Mun ga wasan da ya yi nasara a wata ƙasa. Za mu iya fassara shi mu nuna a namu wurin?

Abin da ke ƙetare iyaka lafiya lau shi ne hanyar aiki. Rubutaccen wasan kansa ba kasafai yake tsira ba. Masu bincike sukan raba dacewa da al'ada gida biyu. Akwai ta sama: sunaye, tufafi, kiɗa, harshe. Akwai ta ƙasa: wa ke yanke shawara idan yaro ya kwanta ciwo, me mutane suka ɗauka shi ke kawo cutar, wa zai iya yi wa wa magana a kan me, mene ne abin kunya. Canza ta sama aikin yini ɗaya ne. Amma idan wasan asali ya ginu a kan budurwa da ta tsaya gaban mahaifinta ta faɗa masa ra'ayinta, kuka kai shi inda hakan rashin tarbiyya ne, to kun nuna wa jama'a cewa saƙonku na marasa kunya ne, ko da kun sa mata suna irin nasu. A can mai yiwuwa ta bakin goggo ko kaka maganar ke bi, kuma wannan wani wasan ne daban.

Ga misalin tunani ɗaya da ya sa riga biyu. A 1999 shirin Soul City na Afirka ta Kudu ya nuna maƙwabta sun taru ƙofar mai dukan matarsa suna buga tukwane, aka kuma sami rahoton unguwannin da suka kwaikwaya. A Indiya, gangamin Bell Bajao na 2008 ya nuna namiji ya danna ƙararrawar gidan da ake duka, ya fake da wata 'yar buƙata. Manufar ɗaya ce, mai duka ya san an ji. Ɗaya na taro ne da hayaniya, ɗayan na mutum guda ne da ya bar wa maigidan hanyar tsira da mutuncinsa. Kowanne ya dace da irin zaman da aka yi shi dominsa.

Masanin lafiyar jama'a Collins Airhihenbuwa ya ba da shawarar a kasa al'adun wuri uku kafin a taɓa su: masu amfani ga lafiya, waɗanda ba su cutarwa ko da baƙo ya ga sun yi masa banbaraƙwai, da masu cutarwa. A fara da yabon na farko, a ƙyale na biyu, a yi magana kan na uku kaɗai. Annobar Ebola ta 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo ta nuna tsadar tsallake wannan. Hana iyalai kusantar gawa ba tare da ba su madadi ba ya sa wasu suka riƙa binne 'yan uwansu a ɓoye, sai da aka zauna da shugabannin addini aka tsara jana'izar da ta kare lafiya ta kuma kiyaye mutuncin mamaci.

8. Ya kamata mu yi amfani da salon gargajiya na mutanen wurin?

Idan salon yana raye kuma masu shi sun yarda, e. A Mali, wasan barkwancin Bambara da ake kira koteba, wanda dama aikinsa shi ne yi wa halayen gari shaguɓe, ya shiga sashen masu taɓin hankali na asibitin Point G a Bamako tun shekarun 1980. A Indunisiya an shigar da maganar tsarin iyali a wasan inuwa na wayang. A Afirka ta Kudu, a 2002, an ƙirƙiro 'yar tsana mai suna Kami, 'yar shekara biyar mai ɗauke da HIV, a shirin yara na Takalani Sesame. 'Yar tsana tana iya faɗin abin da mutum zai faɗa a jefe shi.

Hattara biyu. Wasu salon suna da tsarki ko lokaci ko masu gadonsu, kuma cusa tallar kwaroron roba a cikinsu cin fuska ne. Wasu kuma tsofaffi kaɗai suka rage suna so. In matasa kuke nema, ku tambaye su me suke saurare a wayoyinsu kafin ku yanke musu abin da ya kamata ya zama al'adarsu.

9. Wa zai tsara wasan, wa zai fito: ƙwararru ko mutanen gari?

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma wasa maras daɗi ba ya riƙe kowa ko da ɗan gari ne ya yi shi. Abin da ya fi aiki shi ne haɗin gwiwa: ƙwararre ɗaya ko biyu su kula da gini da tsawon wasa da fitar murya, mutanen wurin su kawo labari da harshe da fuska. Kafin a tsara komai a yi kwanaki ana saurare, a gidaje da wuraren aiki da layin asibiti, a ji maza daban, mata daban, matasa daban. A riƙe ainihin kalmomin da suke kiran ciwon da su. Sannan a gwada wasan gaban mutum goma sha, a tambaye su me ya faru a ciki da wa suka fi so, kada a tambaye su ko ya yi kyau.

Waɗanda suka kafa Laedza Batanani, Ross Kidd da Martin Byram, su da kansu suka rubuta daga baya cewa shigar jama'a a shirin ta zama ta jeka-na-yi-ka: jami'ai da manyan gari ne ke zaɓen matsala, wasan kuma ya ɗora laifi kan halin talaka ya bar tushen abin. Har yau wannan ne ramin da aka fi faɗawa.

10. Barkwanci da mugun ɗan wasa suna jan jama'a. Akwai haɗari a ciki?

Akwai, kuma sananne ne. A shekarun 1970 wani shirin barkwanci a Amurka ya ƙirƙiro Archie Bunker, mai wariyar launin fata, don a yi masa dariya. Binciken 1974 ya gano masu ra'ayi irin nasa sun ɗauke shi mai faɗin gaskiya. A shirin Hum Log na Indiya an tsara uwar gida mai haƙurin da ya wuce kima don a ga illarsa, sai mata da yawa suka ɗauke ta abar koyi. A wasan fili abin ya fi sauƙin faruwa, domin ɗan wasan da ya fi iya ban dariya shi ake ba matsayin mashayi ko mai yawon banza, ya kwashe tafi, yara su bi shi suna maimaita kalamansa.

Haɗari na biyu ya fi muni: nuna mai ciwo a rame, yana tari, an shafa masa farar hoda, ya mutu a ƙarshe saboda "halinsa". Wannan yana koya wa jama'a cewa ana gane mai cutar da ido, wanda ƙarya ne, yana kuma koya wa mai ciwon da ke cikin taron ya ƙara ɓoyewa. Tsoro ba tare da mafita ba yana kore mutane. A farkon Ebola, saƙon cewa cutar ba ta da magani ya sa wasu suka ga babu amfanin zuwa cibiyar jinya. A yi dariya da yanayi, ko da mai iko, ko da jita-jita. Ban da mai ciwo, ban da wata ƙabila ko sana'a a matsayin masu kawo cuta.

11. Yaya za a yi da batun da ba a faɗa a bainar jama'a?

A raba taro. Stepping Stones, wanda Alice Welbourn ta tsara a Yuganda a tsakiyar shekarun 1990, yana kasa mutane huɗu: dattawa maza, dattawa mata, samari, 'yan mata. Kowane rukuni ya yi aikinsa shi kaɗai, sai lokaci-lokaci su haɗu kowanne ya nuna wa sauran wasan da ya shirya. Ta haka 'yan mata ke gaya wa iyaye abin da ba za su iya faɗa baki da baki ba. Kowane harshe yana da sakaya zance da manya ke ganewa yara su wuce. Ku nemo ta wurin, kada ku ƙirƙiro taku. Shugabannin addini da na gari kuma a kai musu wasan su gani tun yana gwaji. Wanda aka nemi shawararsa da wuri yakan gyara kalma biyu ya sa albarka, wanda ya ji a bakin mutane yakan hana gaba ɗaya.

12. Wani mai ciwo ya yarda ya ba da labarinsa da bakinsa. Mu karɓa?

Irin wannan labari yana da ƙarfin da ƙagagge ba shi da shi. Lokacin da mawaƙin Yuganda Philly Lutaaya ya fito a 1989 ya ce yana da ƙanjamau, ya zagaya makarantu da wuraren ibada kafin rasuwarsa a ƙarshen shekarar, ya buɗe bakin ƙasa guda. Ƙungiyar TASO ta Yuganda mai tallafa wa masu ƙanjamau, wadda aka kafa a 1987, ta daɗe tana da rukunin masu ɗauke da cutar da ke waƙa da wasa da ba da shaida. Amma a Disambar 1998 an kashe Gugu Dlamini a KwaMashu kusa da Durban a Afirka ta Kudu, jim kaɗan bayan ta bayyana a kafafen watsa labarai cewa tana da HIV.

Don haka amincewa ba sa hannu ba ce ta rana ɗaya. A zauna da mutumin a lissafa wa zai ji: surukai, mai gidan haya, wurin aiki, abokan karatun 'ya'yansa. A gaya masa bidiyo in ya shiga intanet ba ya dawowa. A ba shi ikon janyewa ko ana gobe za a nuna. A tuna labarinsa ya ƙunshi wasu da ba a tambaye su ba, kamar mata ko miji. Idan akwai kuɗi a ciki, a tabbata ba yunwa ce ta sa ya yarda ba. Sau da yawa mafita ita ce a haɗa labaran mutum biyar a fitar da mutum ɗaya ƙagagge, wani daban ya fito a matsayinsa.

Batun kashe kai yana da nasa ƙa'idar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2019 ga masu fim da wasan dandali: kada a nuna hanyar da aka bi, kada a nuna shi a matsayin mafita, a nuna wanda ya shiga ƙunci ya nemi taimako ya fita, a kuma faɗi inda ake samun taimakon.

13. An gama wasa, an yi tafi. Sai me?

Sai abin da kuka ce mutane su yi ya kasance a kusa, a buɗe, a ranar. In wasan na gwaji ne, masu gwajin su zo tare da ku, a kuma sa tantinsu inda shigarsa ba za ta zama abin nuni ba. In na rigakafi ne, ku tabbatar akwai allurar kafin ku sa rana. Tura mutum asibitin da zai tarar babu magani ya fi rashin yin wasan illa, domin gobe ba zai sake yarda da ku ba. Ƙungiyar Wan Smolbag ta ƙasar Vanuwatu da ke tekun Pasifik, wadda ta fara a 1989 da 'yan wasa kaɗan da jaka guda ta kaya, ta kai ga buɗe asibitin lafiyar haihuwa a harabarta a Port Vila, saboda matasan da wasanninta suka zaburar suna buƙatar inda za su je. Ma'aikacin lafiya kuma ya duba kowace magana ta likitanci kafin a fita, ya tsaya bayan wasa don masu tambayar da ba a yi da ƙarfi. Ikonsa kan gaskiyar bayani ne; ginin labari a bar wa masu shi (tambaya ta 9).

14. Ta yaya za mu san ko ya yi amfani?

Yawan 'yan kallo ba sakamako ba ne. Tambayar mutane nan take ko za su canza ma ba ta da nauyi, domin kowa zai faɗa muku abin da ya ga kuna son ji. Abin da ƙaramar ƙungiya za ta iya shi ne ta duba rajistar asibiti na watanni kafin wasa da bayansa, ta kwatanta da wani wuri makamancinsa da ba a je ba, tana la'akari da cewa wasu cututtukan da yanayin shekara suke tafiya. A koma bayan wata biyu ko uku a tambayi mutane su ba da labarin wasan. Abin da ya rage a bakinsu shi ne ainihin saƙon da kuka isar, ko shi kuka nufa ko ba shi ba. A tambayi har waɗanda ba su halarta ba ko sun ji labari, daga wa.

15. Idan tattaunawa ta juya kan hukuma ko asibitin da ya gayyace mu fa?

Za ta juya, in dai da gaske kuka ba mutane baki. Wanda aka tambaya me ya hana shi zuwa asibiti zai ambaci tsawar ma'aikata da kuɗin da ake karɓa ba rasit kafin ya ambaci jahilcinsa. Ku gaya wa mai ɗaukar nauyi haka tun kafin a fara, ku kuma amince da shi kan wa zai karɓi ƙorafin da ranar da za a dawo wa jama'a da amsa. Ba laifi ma'aikatan lafiya su yi nasu zaman daban, su ma su nuna abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, daga ƙarancin ma'aikata zuwa jinkirin albashi.

Wasan da ya taɓa masu iko yana iya jawo abin da ya fi ƙorafi. Gwamnatin Kenya ta tsare marubuci Ngugi wa Thiong'o a ƙarshen 1977 bayan wasan Kamiriithu, ta rushe dandalin a 1982. A Indiya an kai wa ɗan wasa Safdar Hashmi hari yana tsakiyar wasan titi a Janairun 1989, ya rasu washegari. Waɗannan wasannin siyasa ne, amma ruwan sha da gurɓatar iska da haɗarin ma'aikata a masana'anta duk batun lafiya ne da ke da masu cin moriyar shiru. 'Yan wasan gari su za su kwana a wurin bayan kun tafi, don haka su ke da hakkin cewa iya nan za a tsaya. Wani lokacin kuma ƙorafin yakan kai inda ake so: da aka zaɓi Boal kansila a Rio de Janeiro daga 1993 zuwa 1996, ya riƙa tattara shawarwarin da 'yan kallo suka gwada a wasa yana mayar da su ƙudurori, 13 daga ciki suka zama doka, har da wadda ta shafi kula da tsofaffi a asibitocin birnin.